Da'awar da Ta Fi Ƙarfin Kibiya Uku

A watan Oktoba na shekarar 2002 mujallar Science ta buga wata maƙala mai shafuka huɗu kacal daga ɗakin binciken Uri Alon a Cibiyar Weizmann da ke Isra'ila, da sunan Ron Milo a gaban jerin marubutanta. Albishir ɗin da maƙalar ta kawo mai daɗin ji ne: duk wata saƙa mai sarƙaƙiya, komai yawan igiyoyinta, an gina ta ne da wasu 'yan ƙananan tubala masu maimaituwa, kuma wanda ya gane tubalan ya kama hanyar gane ginin. Shekara ashirin da ɗoriya bayan nan, ra'ayin ya fita daga ɗakin bincike ya shiga bankuna da kamfanonin sadarwa da ofisoshin tsaro. Rabinsa ilimi ne ingantacce. Ɗaya rabin kirari ne da aka maimaita har aka ɗauke shi gaskiya, kuma kirarin ne ya fi yin nisa.

Saƙa a nan na nufin duk wani tarin abubuwa da alaƙa ta ɗaure su. Ƙwayoyin gado da ke kunna juna da kashe juna a cikin tantanin halitta saƙa ce. Haka ƙwayoyin jijiya a ƙwaƙwalwa, da dabbobin da ke cin juna a tafki, da shafukan intanet masu nuni ga juna, da mutanen da ke kiran juna a waya. Ana zana kowane abu a matsayin ɗigo, kowace alaƙa kuma kibiya daga ɗigo zuwa ɗigo. Idan aka ware ɗigo uku, hanyoyi 13 ne kawai ake iya haɗa su da kibau ba tare da an bar ɗaya a ware ba. Idan huɗu ne, hanyoyin sun kai 199. Abin da Milo da abokan aikinsa suka yi shi ne ƙirga sau nawa kowane zubi ya bayyana a saƙar gaske, sannan su hautsina kibaun sau dubu a kwamfuta, suna barin kowane ɗigo da adadin kibaun da ke shiga da fita gare shi, su sake ƙirgawa. Zubin da ya bayyana a saƙar gaske fiye da yadda yake bayyana a hautsinannun, shi suka raɗa wa suna motif, kalmar da aka aro daga masu zane da masu kiɗa, wato ado mai maimaituwa.

A saƙar ƙwayoyin gadon bakteriyar E. coli, mai ɗigo 424 da kibiya 519, wani zubi guda ya yi fice. Na farko yana ba na biyu umarni, yana kuma ba na uku, sannan na biyu shi ma yana ba na uku. Kamar maigidan da ya aika saƙo kai tsaye ga mai shago, ya kuma aika wannan saƙon ta hannun wakili. A kira shi zubin saƙo biyu. Ya bayyana sau 40 a saƙar gaske, alhali a hautsinannun matsakaicin bayyanarsa kimanin 7 ne. An same shi a yis, an same shi a jijiyoyin tsutsar C. elegans, an same shi a da'irorin lantarki. Har nan babu abin musu, domin ƙirga ce, kuma duk mai kwamfuta na iya maimaita ta.

Musun ya fara ne daga matakin da aka ɗauka bayan ƙirgar. Aka ce tunda zubin ya yawaita fiye da kima, lalle yana da wani aiki na musamman, kuma lalle zaɓen yanayi ne ya fifita shi saboda wannan aikin. Hujjar dai ita ce ta Bahaushe: ruwa ba ya tsami banza. Gaskiya ne ba ya tsami banza. Sai dai karin maganar ba ta ce duk tsami na da amfani ba, ta ce yana da dalili, kuma tsakanin dalili da amfani akwai tafiya mai nisa.

Adalci ya wajabta a fara da inda ra'ayin ya yi nasara, domin nasarar ba ƙarama ba ce. A 2003 Shmoolik Mangan da Alon Zaslaver da Uri Alon suka ɗauki zubin saƙo biyu guda ɗaya, wanda ke sarrafa yadda E. coli ke cin wani sukari mai suna arabinos, suka auna shi a cikin bakteriya mai rai. Bakteriyar ta fi son gulukos. Idan ya ƙare, wani furotin mai suna CRP ya farka, ya aika umarni ga ƙwayoyin gadon da ke narkar da arabinos, ya kuma aika ga wani furotin, AraC. Ƙwayoyin narkarwar ba sa tashi sai umarnin ya iso daga ɓangarorin biyu. Umarnin CRP na isowa nan take, amma AraC sai ya taru ya kai wani adadi kafin a ji muryarsa, kuma wannan na ɗaukar kimanin minti ashirin. Sakamakon haka, idan gulukos ya yanke na ɗan lokaci ya dawo, bakteriyar ba ta ɓata ƙarfinta wajen kafa masana'antar da ba za ta yi amfani da ita ba. Idan kuwa umarnin ya janye, aikin na tsayawa ba jinkiri, tunda rashin murya ɗaya ya isa. Mai jinkirin yarda, mai saurin fasawa. Masu binciken sun kwatanta da tsarin laktos, wanda CRP ke sarrafawa ba tare da wakili irin wannan ba, kuma ba su ga jinkirin a can ba. Wannan aiki ne da ya cancanci a cire masa hula.

Amma wanda ya ci gaba da bin ayyukan wannan ɗakin binciken zai tarar da abin da ya kamata ya rage wa kirarin ƙarfi tun da wuri. A 2005 suka auna wani zubin saƙo biyu a cikin wannan bakteriyar dai, wanda ke sarrafa ƙera 'yar wutsiyar da take iyo da ita. Ɗigo uku, kibiya uku, duka na kunnawa, daidai da na arabinos a takarda. Sai dai a nan murya ɗaya ta isa a tashi aiki, don haka komai ya juye: farawa ba jinkiri, amma bayan umarnin ya janye aikin na ci gaba na kusan sa'a guda. A 2006 kuma suka auna na sukarin galaktos, inda wakilin ke isar da akasin abin da maigida ya faɗa, wato yana kashe abin da aka kunna. Wannan bai kawo jinkiri ba sam, hanzarta amsa ya yi. Zane ɗaya ke nan ya yi aiki uku, biyu daga cikinsu kishiyoyin juna. Mangan da Alon da kansu sun nuna tun 2003 cewa idan aka yi la'akari da ko kowace kibiya ta kunnawa ce ko ta kashewa, zubin ya rabu gida takwas.

To me ke yanke hukunci kan aikin? Alamar kowace kibiya, da ƙa'idar da mai karɓar umarni ke bi wajen haɗa muryoyin biyu, da saurin taruwar furotin da saurin lalacewarsa, da adadin da ake buƙata kafin ya yi tasiri. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a zanen da aka ƙirga aka samu 40. Masu kare ra'ayin za su ce sun san da haka, kuma abin da suke nufi da motif shi ne zubin tare da duk waɗannan bayanai. Amsa ce mai kyau ga E. coli, bakteriyar da masana suka shafe fiye da rabin ƙarni suna tona asirinta ƙwaya bayan ƙwaya. Ba amsa ba ce ga ɗimbin maƙalolin da suka biyo baya, waɗanda suka ɗauki saƙar da babu wanda ya san alamar kibaunta balle saurinsu, suka zuba ta a manhaja irin su mfinder ko FANMOD, suka ga zubin saƙo biyu ya yi fice, sai suka rubuta cewa saƙar na tace saƙonnin ƙarya kamar yadda tsarin arabinos ke yi. Kama da wane ba ta wane.

Dalilin yaɗuwar wannan ɗabi'a ba ɓoyayye ba ne, ko da yake ba a cika faɗarsa a taron masana ba. Ƙirga na da arha, aunawa na da tsada. Ƙirgar zubi aikin yini ɗaya ne ga ɗalibi mai kwamfuta, yayin da auna zubi guda a halitta mai rai kan ci watanni da kuɗi, kuma yana iya ƙarewa ba a samu abin bugawa ba.

A 2006 Piers Ingram da Michael Stumpf da Jaroslav Stark na Kwalejin Imperial da ke Landan suka gwada wani zubin da ya fi na saƙo biyu yawa a E. coli da yis, inda masu umarni biyu ke sarrafa masu karɓa biyu tare. Suka rubuta lissafinsa, suka riƙa sauya ƙa'idoji da adadi a cikin iyakar abin da halitta ke iya yi. Zubin ya ba da halaye iri-iri, wasu ma akasin wasu. Taken maƙalarsu a mujallar BMC Genomics ya faɗi hukuncin ƙarara, cewa siffa ba ta ƙayyade aiki.

Wannan matsala ɗaya ce. Ta biyun ta fi zurfi, domin ta taɓa ita kanta ƙirgar. Cewa abu ya yi yawa magana ce da ba ta tsayawa da ƙafarta, sai an faɗi abin da aka kwatanta shi da shi. Hautsinawar da Milo ya yi na ɗaukar cewa kowane ɗigo na iya haɗuwa da kowane, ko suna kusa ko suna nesa. A 2004 Yael Artzy-Randrup da abokan aikinta na Jami'ar Tel Aviv suka buga raddi a mujallar Science ɗin. Suka ƙirƙiri saƙar wasa a kwamfuta, suka jera ɗigo a fili, suka sa ƙa'ida guda: makusanta sun fi yiwuwar haɗuwa fiye da manesanta. Babu zaɓe a ciki, babu amfani, babu manufa. Da suka bi hanyar ƙirgar, zubin saƙo biyu ya yi fice, kamar yadda ya yi a jijiyoyin tsutsa. Su kuwa ƙwayoyin jijiya a jiki suke zaune, kuma maƙwabtaka na da hannu a wanda suke haɗuwa da shi.

Abin ba shi da wuyar ganewa ga duk wanda ya tashi a unguwa. Idan aka zana wa ya san wa a cikin Fagge, za a ga mutum uku-uku da duk suka san juna sun cika zanen. Idan aka kwatanta da zanen da aka hautsina, inda ɗan Fagge ke iya zama abokin kowa a faɗin ƙasa, lissafi zai ce waɗannan uku-ukun sun yi yawan ban mamaki. Babu mamakin komai a ciki, mutanen rijiya ɗaya suke ɗiba, kasuwa ɗaya suke ci. Masana zamantakewa sun riga masana halitta zuwa wannan wurin. Paul Holland da Samuel Leinhardt sun riƙa ƙirgar mutum uku-uku tun shekarun 1970, kuma babban abin da ya sha musu kai shi ne wace saƙa ce ta dace a yi kwatance da ita. Wanda ya zaɓi abin kwatance shi ya zaɓi amsa, ko ya sani ko bai sani ba.

Ko da an yarda zubin ya yi yawa da gaske, yawan na iya zama tarkacen yadda saƙar ta girma. Ƙwayoyin gado kan kwafi kansu bisa kuskure, kwafin kuma ya gaji kibaun na asali. Maimaita haka sau da yawa na haifar da wasu siffofi ko ana so ko ba a so. Otto Cordero da Paulien Hogeweg na Jami'ar Utrecht da ke Holan sun nuna a 2006, da samfurin kwamfuta na kwafi da gogewa da sauyin ƙwayoyin gado, cewa zubin saƙo biyu na iya ɓullowa da yawa ba tare da an zaɓe shi don komai ba. A shekarar dai Ricard Solé da Sergi Valverde daga Basalona suka tayar da tsohuwar muhawarar Stephen Jay Gould da Richard Lewontin ta 1979. Su Gould sun buga misali da cocin San Marco na birnin Benis a Italiya: idan aka ɗora ƙubba a kan baka huɗu, dole a samu wasu filaye masu siffar alwatika a tsakaninsu. An ƙawata filayen da zane mai kyau har mai kallo ya zaci don zanen aka yi ginin, alhali tilas ce ta gini ta haifar da su. Duk wanda ya ɗaga kai a cikin soro mai daurin guga ya ga irin wannan tilas ɗin.

A nan ma akwai amsa daga ɗaya ɓangaren, kuma bai dace a ɓoye ta ba. Gavin Conant da Andreas Wagner sun binciki zubin E. coli da na yis a 2003, suka tarar da yawancinsu ba kwafin juna ba ne, kowanne ya samu ne ta hanyarsa, abin da ke goyon bayan cewa wani abu na fifita su. Sai dai bayan shekara biyu Aurélien Mazurie da abokan aikinsa suka kwatanta yis da danginsa na kusa, ba su ga alamar cewa ana adana zubin a matsayin dunƙule guda ba. Muhawarar ba ta ƙare ba. Abin da ba shi da kyau shi ne a gabatar da ita ga ɗalibai da masu ba da kuɗin bincike kamar an riga an rufe ta.

Mafi nauyin shaida ta fito ne daga wani fanni dabam, daga cikin ƙaguwa. Eve Marder ta Jami'ar Brandeis a Amurka ta shafe shekaru da dama tana nazarin wani ɗan curin jijiya mai ƙwaya kimanin talatin da ke sarrafa motsin cikin ƙaguwa da danginta. An san kowace ƙwaya, an san wacce ke haɗe da wacce. Duk da haka, sinadaran da ke yawo a jikin dabbar na iya sa wannan saƙa ɗaya ta fitar da kiɗa daban-daban ba tare da an taɓa ko igiya guda ba. A 2004 Astrid Prinz da Dirk Bucher da Marder suka juya tambayar: suka gina samfurin ƙwaya uku a kwamfuta, suka gwada fiye da nau'i miliyan ashirin na ƙarfin haɗi da halin ƙwayoyin, suka tarar da nau'o'i masu ɗimbin yawa, masu bambanci ƙwarai, na fitar da kiɗa kusan iri ɗaya. Siffa ɗaya na ba da ayyuka da yawa, aiki ɗaya na fitowa daga tsare-tsare da yawa. Tsutsar C. elegans ma, da aka buga cikakken zanen ƙwayoyin jijiyarta 302 tun 1986, har yau ana aikin gano yadda zanen ke zama hali.

Da a ce maganar ta tsaya a kan bakteriya da ƙaguwa, da sai a bar wa masu ita. Ba ta tsaya can ba. Manhajojin gano halatta kuɗin haram na neman wasu siffofi a saƙar hada-hadar kuɗi: asusu da yawa na zuba wa asusu ɗaya, asusu ɗaya na rarraba wa da yawa, ko kuɗi su zagaya su dawo inda suka fito. Waɗannan siffofi na gaske ne, masu laifi na barin irinsu. Amma a dubi adashi. Mata ashirin na tura wa uwar adashi kuɗi iri ɗaya a ranaku sanannu, ita kuma ta tattara ta miƙa wa mai kwasa, wata mai zuwa ta miƙa wa wata, har kuɗin kowa ya zagayo ya same ta. A zane, wannan shi ne tarawa da rarrabawa da zagayawa, duka ukun a asusu ɗaya. Haka asusun mai POS a bakin kasuwa, haka na ɗan kasuwar da 'yan garinsu ke aika saƙon gida ta hannunsa. Manhajar da aka horar da ita a ƙasar da ba a adashi za ta ga waɗannan siffofi sun yi yawan ban mamaki, saboda abin kwatancenta ba daga nan ya fito ba. Raddin da Artzy-Randrup ta yi wa ƙirgar jijiyoyin tsutsa shi ne dai raddin da ya dace da ita, sai dai a nan kuskuren na iya ƙarewa da rufe asusun mace ana gobe kwasarta.

An taɓa ganin inda irin wannan tunani ya kai. A 2015 jaridar intanet The Intercept ta wallafa takardun da Edward Snowden ya fitar game da wani shirin hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA mai suna SKYNET, wanda ke tace bayanan wayoyin hannu na Pakistan yana neman masu tafiye-tafiye da kiraye-kiraye irin na 'yan aiken ƙungiyoyin ta'adda. Mutumin da takardun suka nuna a matsayin wanda ya fi dacewa da siffar shi ne Ahmad Zaidan, shugaban ofishin tashar Al Jazeera a Islamabad a wancan lokacin. Yana zuwa inda suke, yana magana da su, domin aikin jarida ke nan a yankin da ake yaƙi. Zaidan ya musanta zargin. Manhajar ta gano siffar daidai. Abin da siffar ke nufi ne ba ya cikin bayanan da aka ba ta.

Saboda haka idan wani ya zo da zane mai ɗigo da kibau, a taron bita ko a rahoton kwamiti, ya ce ga zubin da ya yi fice don haka ga abin da ke faruwa, hakkin masu sauraro ne su tambaye shi da wace saƙa ya yi kwatance, kuma ko ta san maƙwabtaka da tarihi da al'adar wurin. Hakkinsu ne su tambaye shi wace hanya ce mafi sauƙi, marar manufa, da za ta iya haifar da wannan siffar, da kuma yadda ya kawar da ita. Sannan su tambaye shi nawa ya bi daga cikin waɗanda ya ƙirga ya ga aikinsu da idonsa. Jinkirin minti ashirin na tsarin arabinos bai bayyana a zane ba. Ya bayyana ne bayan an dasa wa bakteriya furotin mai ƙyalli, aka zauna ana auna haskenta bayan kowane 'yan mintoci, aka kuma ajiye tsarin laktos a gefe don kwatance. A banki, kwatankwacin wannan aikin shi ne ma'aikaci ya kira mai asusun ya tambaye ta sana'arta kafin ya danna maɓallin rufewa.